Tambayoyi da amsoshi: shirya keken tsere ko keken kuros don tafiyar kwana da kaya marasa nauyi

Salam 'yan uwa masu harkar keke. Duk wanda ya fara jin daɗin keken tsere, watarana sai ransa ya raya masa ya ɗaure 'yan kayansa ya wuce inda ba'a zuwa a dawo rana ɗaya, ya kwana can, da asuba ya ƙara gaba. Daga nan tambayoyi suke farawa kuma kusan iri ɗaya ne kullum, shiyasa na haɗa su wuri guda. Abinda nakeso ka riƙe tun yanzu shine keken dake hannunka zai iya, amma kuɗinka ya fara zuwa kan taya, sannan giya, jaka itace ta ƙarshe. Da yawa daga jaka suke farawa saboda ita ake gani a hoto.

Wai keken tsere zai iya ɗaukar kaya kuwa? Ba don gasa kawai akayi shi ba?

Zai iya sosai, in dai kayan basu da nauyi. A 2013 wani Bature ɗan Ingila, Mike Hall, ya fara gasar Transcontinental, daga Landan zuwa Istanbul, kowa da kayansa akan kekensa ba mota a baya ba mai miƙo ruwa, kuma Kristof Allegaert ɗan Beljiyam ya isa cikin ƙasa da kwana 8. A 2019 wata Bajamushiya Fiona Kolbinger ce ta cinye gaba ɗaya har mazan, kusan kilomita 4,000 daga Burgas a Bulgeriya zuwa Brest a Faransa cikin kwana 10 da 'yan awanni. Kusan duk masu shiga gasar nan keken kwalta suke hawa da ƙananan jakunkuna ɗaure a jiki. Kai ba gasa zakayi ba amma tsarin ɗaya ne: kaya kilo 4 zuwa 7 banda ruwa. In ka haura kilo 10 to gaskiya ka fita daga abinda aka ƙera keken nan dominsa, zai fara yi maka rawa a gangara, kuma wilin baya ne zai fara biyan kuɗin.

Meye bambancin keken kuros da na tsere, wanne yafi?

Saiklokuros, inda keken kuros ya samo sunansa, wasa ne na lokacin sanyi a Turai, Beljiyam da Holan ne suka fi haukarsa yanzu, tsere ne na kamar awa ɗaya cikin laka da ciyawa da rairayi, wani wurin ma sai ka sauka ka saɓa keken a kafaɗa ka ruga. Saboda laka akayi firam ɗin da fili sosai a wajen taya, kuma wannan filin shine duk amfaninsa a wurinmu. Dokar UCI, hukumar tseren keke ta duniya, ta tsayar da faɗin tayar gasa a milimita 33 amma firam da yawa suna karɓar 38 wasu har 40.

Yana da nasa halin kuma. Tsakiyar keken wajen feda yafi tsawo daga ƙasa, sai kaji kamar kana can sama in anyi lodi. Wasu tsofaffin na gasa zalla babu ramin notin gora ko ɗaya a jikinsu tunda ba'a shan ruwa a tseren awa ɗaya. Giyarsa kuma 46/36 ce, wato adadin haƙoran farantan gaba biyu, ba ta hawan dutse da kaya bace. Amma in aka ajiye min biyu akace zaɓi ɗaya kuma hanyata zata haɗa kwalta da burji, na kuros zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba.

Wace girman taya zan saka?

Mafi faɗin da firam ɗinka zai karɓa. Wannan itace tambayar da tafi kowacce muhimmanci a shafin nan don ita take yanke hanyar da zaka iya bi da wadda bazaka iya ba.

Tsohon keken tsere mai burkin kalifa, wato mai matse gefen rim, irin wanda ake kawowa gwanjo da taya 23, yawanci 25 zai shiga, 28 sai an gwada, wasu burkin ne yake hanawa ba firam ba. Keken tsere na zamani mai burkin faifai da yawa suna cin 32, wasu fiye. Kar ka dogara da lambar da aka rubuta a jikin taya kawai, saboda taya 28 akan rim mai faɗi tana iya buɗewa ta kai 30. Ka saka ta ka hura sannan ka auna wurare huɗu: ƙarƙashin fok, ƙarƙashin burkin baya, tsakanin ƙarafan nan biyu dake bayan feda, da bayan sandar dake ƙarƙashin sirdi. Ka ɗauki alanki mai lamba 4, wato milimita 4, ka zura tsakanin taya da firam, in bai wuce ba tayar tayi girma. In da damina zakayi tafiya ko hanyar akwai taɓo ka nemi milimita 6, don jar laka in ta maƙale a wurin nan tana goge fenti har ta fara cin jikin firam, musamman kabon.

Da 25 ka tsaya a kwalta. Da 28 zuwa 32 zaka bi burji mai kyau wanda aka danne, a hankali. Daga 35 zuwa 40 ne gargada da tsakuwa suke daina wahalar da kai. Rairayi mai zurfi kuwa babu ɗaya cikinsu da zai ratsa da kaya, sauka zakayi ka tura, kuma wannan ba abin kunya bane kowa yana yi.

In tayata ta yage a hanya ba sai in sayi ta Rali a kasuwar ƙauye ba? Ai duk 28 ake ce musu.

A'a, kuma don Allah ka kula da wannan. Wilin keken tsere da na kuros 700c ne, faɗin rim ɗin milimita 622. Tayar Rali da Fonis, mai 28 x 1½, ita 635 ce, bazata zauna akan rim ɗinka ba ko me zakayi. Akwai ma tsofaffin kekunan tsere masu inci 27, su kuma 630 ne. Ka duba jikin tayarka zakaga lamba kamar 28-622 ko 32-630, lambar ƙarshen, 622 ko 630, itace gaskiyar magana. Tunda a ƙauye ba lallai ka samu 622 ba, in tafiyar ta wuce kwana 3 ka riƙe taya ɗaya mai naɗewa a ƙasan jaka.

Ya zanyi da ƙaya? Tubles ya dace?

A Turai gilashi da ƙananan duwatsu ne suke fasa musu taya, mu kuma tsidau da ƙayar bagaruwa da farar ƙaya, kuma tsidau gefen titi yake zuba daidai inda mota take tura ka. Tubles, wato taya mara tub da ake zuba mata ruwan toshe huji, anan yana aiki ƙwarai, ruwan dake ciki yana toshe hujin ƙaya kana tafe ma baka sani ba, ga damar rage iska ba tare da tsoron rim ya cije tub ba. Sharaɗin shine rim da taya duka su zama na tubles, kar ka tilasta wa tsohon rim, a iskar keken tsere taya tana iya ficewa daga rim kana gudu. Taya 35 zuwa 40 tana shan mililita 50 zuwa 60, kuma da zafinmu ruwan yana bushewa da wuri, ka leƙa shi kafin kowace tafiya. Duk da haka ka riƙe tub biyu, in ka zo saka tub a tayar da ta daɗe tana tubles ka bi cikinta da yatsa a hankali ka cire duk ƙayar da ta tara, in ba haka ba nan take zata huda sabon.

In wilinka ba na tubles bane ka nemi taya mai kauri. Continental Gatorskin tana kaiwa 32, Schwalbe Marathon tafi ta juriya amma tana da nauyi zakaji ta a ƙafa. Panaracer GravelKing tafi daɗin tafiya, kariyarta bata kai ba. Ni dai a hanyar ƙaya na yarda in ɗauki nauyin.

Iska nawa zan hura?

Ya danganta da nauyinka da kaya. Ga mutum mai kilo 70 zuwa 75 da kayan kilo 6, ka fara daga wajen psi 90 a taya 25, 60 a taya 32, 40 a taya 38 zuwa 40, ta gaba ka rage kaɗan, sai ka gyara yadda kaji. Yawan iska a burji baya ƙara gudu, girgiza kawai yake ƙarawa. In rim ɗinka irin sabon nan ne mara ƙugiya a baki kar ka wuce psi 72.

Wani ƙaramin abu da yake ceton mutum: bawul ɗin kekenka siriri ne, Presta, injin mai faci kuma na bawul ɗin mota da babur ne. Akwai 'yar adafta ta tagulla da ake ɗaurawa akai, bata kai girman kan yatsa ba, ka sayi biyu ka jefa ɗaya a aljihun jaka ka bar ɗaya akan wili. Famfon hannu naka dole ne duk da haka.

Giyata ta isa ko sai na canza?

Ƙirga haƙoran ƙaramin faranti na gaba da babban haƙorin kaset, wato jerin haƙoran giya na baya. In suka zo ɗaya, misali 34 da 34, feda zagaye ɗaya wili zagaye ɗaya, to wannan ne abinda zaka nema don tafiya da kaya. Tsohon keken gasa mai 53/39 da 25 a baya yana baka wili zagaye 1.56 a feda zagaye ɗaya, kan kwalta miƙaƙƙiya tsakanin Kano da Haɗeja ba komai, amma ka kai shi Hawan Kibo a hanyar Jos ko hawan Mambila daga Mayo Selbe da lita 3 na ruwa a jiki, gwiwarka ce zata sha wahala. Ko ba dutse ma, iskar hunturu in ta tare ka gaba a rana ta uku ƙafa ta gaji zaka nemi giya mai sauƙi.

Hanya mafi arha ka fara da baya. Direla, wato abin da yake matsar da sarƙa daga giya zuwa giya, mai gajeren hannu tana tsayawa a haƙori 28 ko 30, mai matsakaicin hannu, Shimano suna rubuta GS, tana kaiwa 32 ko 34. Akwai wata dabara da makanikan keke suka daɗe suna yi: in shiftarka, wato hannun canza giya, Shimano ce ta titi mai giya 8 ko 9 ko 10, banda Tiagra 4700, tana jan direlar keken dutse mai giya 9 kamar Deore daidai, sai ka saka kaset 11-34 ko 11-36 ka huta. Amma mai giya 9 fa, direlar dutse mai giya 10 jan wayarta daban ne bazata yi ba. Masu giya 11 kuma akwai kaset 11-34, ko ƙaramin ƙarfen Wolf Tooth RoadLink da yake sauke direla ƙasa kaɗan. Duk lokacin da ka ƙara girman kaset sai ka saka sabuwar sarƙa mai tsawo, ka gwada babba da babba keke a tsaye, in sarƙa ta gajarta ka shiga wannan giyar a hanya tana iya tsinke direla gaba ɗaya.

A gaba, kiranki mai 53/39 baya karɓar faranti ƙasa da 38, sai dai ka canza shi da 50/34. Mai keken kuros yafi sa'a, 46/36 ɗinsa yawanci cire 36 kawai zaiyi ya saka 34. Mai kuɗi kuma akwai Shimano GRX da ta fito 2019 mai 46/30, amma ita tana son direlar gaba tata. Giyar gudu ta sama kar ta dame ka, da kaya ba kasafai zaka taɓa 50/11 ba.

Me yasa ba zan saka kariyar ɗaukar kaya kawai ba?

In firam ɗin yana da ramukan notin kariya, saka abinka, ƙaramar kariya da jaka ɗaya a ɗaure a sama tafi jakar sirdi zama. Yawancin kekunan tsere dai babu ramukan, bayansu kuma gajere ne dunduniya tana bugun jakar gefe. Kar a ɗaure maka kariya da kilif akan siraran ƙarafan baya na kabon, kar kuma mai walda ya kusanci firam ɗin alminiyam. Kamfanin Tailfin na Ingila suna yin wadda take kama gatarin wili, tana da kyau amma akwai tsada.

Jakar bayan sirdi tana ta lilo in na miƙe akan feda, wani lokacin har tana taɓa taya

Abu uku ne ke jawo shi: tayi girma, an zuba nauyi a wutsiyarta, ko ba'a cusa kayan sun matse ba. Lita 8 zuwa 11 ya ishi keken tsere, mai lita 16 kira take ka cika ta. Abu mai nauyi ka tura shi can ciki jikin sandar sirdi, mara nauyi kamar riga da bargo a baya, ka danna kowanne da hannu sosai har jakar ta zama kamar damin rake babu inda ke lanƙwasa, sannan ka matse iskar ka naɗe bakin ka ja maɗaurai. Bayan kilomita 10 ka tsaya ka sake ja, kullum suna saki. Kafin ka saya ka auna daga ƙarfen ƙarƙashin sirdi zuwa saman taya, yawancinsu suna son santimita 18 zuwa 20, da sandar sirdi a waje kamar santimita 10 zuwa 15. In ta taɓa taya ko sau ɗaya kar kace ba komai, cikin minti kaɗan taya take huda ta.

Jakar gaba fa? Kan kekena mai lanƙwasa ne

Nan ne keken tsere yake da ƙunci. Faɗin kan yawanci santimita 40 zuwa 44 ne, kuma hannun shifta yana shigowa ciki in kana canza giya, to jakar sai ta tsaya wajen santimita 30 zuwa 33 in an naɗe ta, lita 7 zuwa 9 kenan. Ka ɗaura ta ka gwada dukkan giya da burki biyu kafin ka fita. Ka saka 'yan guntun soso mai tauri tsakanin jaka da kan keken don yatsunka su samu wurin kamawa kuma waya kar ta karye. Kilo 2 ya isa a gaba, tabarmar iska da gidan sauro da rigar sanyi.

Masu tsohon kuros da burkin kantiliba ku kula sosai, wayar burkin gaba tsirara take saukowa daga wuyan keke daidai inda jaka take kwanciya, in jaka ta danne ta burki zai riƙa kamawa ko ya ƙi sakewa. Tsofaffin shiftar Shimano masu waya ta fito ta gefe suma suna tare wurin. A irin waɗannan gara ƙaramar jaka ko ka haƙura da ta gaba.

Ruwa nawa, kuma ina zan saka shi in jakar firam ta cinye wurin gora?

A wurinmu ruwa shine babban kaya, lita ɗaya kilo ɗaya. Don haka nafi son rabin jakar firam, mai lita 3 zuwa 4 da take bin ƙarƙashin sandar sama ta bar gora biyu a wurinsu, sai ka saka kejin da ake zare gora ta gefe. Kayan gyara da fawa banki da famfo nan ne wurinsu tunda tsakiya ne kuma ƙasa, keke baya jin nauyin. Gora ta uku ƙarƙashin sandar ƙasa, in ba rami a ɗaure keji da kilif ɗin tiyo akan ƙarfe ko alminiyam, a naɗa roba a ƙasa, ka tabbata tayar gaba bata taɓa ta. Biyu masu 750 da ta uku sun baka sama da lita 2, kuma a hanyar da ake samun fiya wata a kowane gari ya isa. Da bazara, watan Maris zuwa Mayu, ka fita bayan asuba ka nemi inuwa daga sha ɗaya zuwa la'asar, ka riƙe ORS, ruwa zalla baya mayar da gishirin da gumi ya fitar.

In wayoyin giya da burki tsirara suke bin saman sandar, kamar yadda kekunan kuros da yawa suke, maɗaurin jaka ya bi ta ƙarƙashin waya ba ta samanta ba.

Kekena kabon ne, jaka zata lalata shi?

Nauyin ba matsala bane, gogayya ce. Ƙura tana shiga ƙarƙashin maɗauri ta riƙa ci a hankali. Duk inda maɗauri zai zauna ka liƙa tef mai kauri tukunna, ko na masu wayarin ma yayi, ka riƙa goge wurin duk yamma. Noti akan kabon kuma kar ka matse da ƙarfin tsiya, akwai lamba a rubuce kusa dashi, yawanci Nm 4 zuwa 6.

Ni mace ce kuma ba doguwa ba, firam ɗina 48 ne, babu jakar da take shiga

Wannan matsala ce ta gaske kuma masu sayar da jaka basa faɗa. Ƙaramin firam sirdi yana kusa da taya, kan keken yana kusa da taya, tsakiyar ma ƙarama ce. Shawarata ki manta da babbar jakar sirdi, ki nemi ƙaramar kariya ta baya in da hali, ko jakar lita 5 zuwa 6. Ki cike tsakiyar firam duka da jaka ɗaya ki saka ledar ruwa mai tiyo a ciki, ko ki goya lita 1.5 a ƙaramar jakar baya. Doguwar jakar saman sanda da ƙananan jakunkuna biyu gefen wuyan keke zasu ƙara miki kusan lita 3.

Jakunkunan kamfanonin Apidura da Ortlieb da Revelate sunfi ƙarfin aljihuna

Ba kai kaɗai ba. Jakar firam itace mafi sauƙin ɗinkawa: ka manna kwali a jikin keke ka zana cikin firam ɗin, ka yanke, ka sa alamar inda waya da notin gora suke, ka kaiwa mai ɗinkin jaka ko tamfol, faɗinta kar ya wuce santimita 5 zuwa 6 don gwiwa kar ta riƙa gogarta. Zif mai kyau ka saya da kanka don shi yake fara mutuwa. Ta gaba kuma ko jakar leda mai kauri ka naɗe ka ɗaure da bel biyu tayi. Tsohon tub in ka tsaga shi yana ɗaure komai kuma baya zamewa. Wadda zance ka tara kuɗi ka sayi ta kirki itace ta sirdi, ɗinkinta yana da wuya.

Wilina zai jure?

Ƙirga sifok. 28 ko 32 hankali kwance. 20 a gaba 24 a baya zai yi in kai ba mai jiki bane kuma kwalta zaka bi, amma in ɗaya ya tsinke a irin wannan wilin yana karkacewa har ya ƙi juyawa tsakanin burki. Kamfanoni suna rubuta iyakar nauyi, da yawa kilo 110 zuwa 120 kai da keke da kaya. Ka kai a daidaita wilin mako ɗaya kafin tafiya, a duba boris, a duba ko burki ya cinye gefen rim.

Hannuna yana mutuwa, wuya da mazaunai suna ciwo bayan awa 4

An saita keken ne don awa 2 na gudu, kai kuma zaka wuni akai. Ɗaga kan keken santimita 1 zuwa 2, ko da zoben dake ƙarƙashin sitem, wato ƙarfen dake riƙe kan keken, ko ka juya sitem ɗin ya kalli sama. Naɗa tef biyu a hannu, ka riƙa canza wurin kamu duk bayan 'yan mintuna, mutuwar ƙaramin yatsa jijiya ce ake dannewa a tafin hannu kuma in ka ƙyale tana iya ɗaukar makonni bata dawo ba. Sirdi kar ka canza shi ana gobe tafiya. Wando mai soso guda biyu, ka wanke ɗaya duk dare, ka ɗora wando mai yalwa a sama don shiga gari cikin mutunci. Masu dogon zango suna ƙara sandunan nan na kwantar da gwiwar hannu a gaba don hutu, amma ba kowane kan kabon ne ya yarda a matse su ba.

Takalmi?

Na tsere mai noti uku a ƙasa baya tafiya a ƙasa. SPD, irin na keken dutse mai noti biyu, ko feda fulat da kambas. Ka ɗaure silifas a saman jakar sirdi don alwala da shiga masallaci.

A ina zan kwana, sai na sayi tanti?

Turawa suna shimfiɗa jakar kwana a gefen gona su tashi kafin gari ya waye. Anan bana bawa kowa shawarar kwana a daji shi kaɗai a halin tsaron da ake ciki, kuma hanyar ma ka tambayi direbobin tasha da mutanen gari kafin ka shige ta, in sunce kar ka bi to kar ka bi. Ka isa gari kafin magariba, ka nemi masauki ko ka gabatar da kanka wajen mai unguwa, a faɗa maka inda zaka kwanta. Wannan ma yana rage maka kaya: gidan sauro, tabarmar iska mai kamar giram 500, zanin rufa, shikenan. Tanti na mutum ɗaya kilo ɗaya ne ko fiye, ga sandunansa basa shiga tsakanin kan keken tsere. Disamba da Janairu ka ƙara rigar sanyi da hula da safa, musamman Jos da Mambila. Risho da tukunya ka barsu a gida, mai shayi da mai ƙosai suna ko'ina, dabino da ƙuli-ƙuli da gyaɗa a jakar saman sanda.

Kayan gyara me da me?

Ka ɗauki abinda bazaka samu wajen mai gyaran keken ƙauye ba. Tub biyu masu bawul daidai da zurfin rim ɗinka, faci da sholisho, abin ɓare taya, alanki 4 da 5 da 6, T25 in burkin faifai ne, abin yanke sarƙa da mahaɗin sarƙa na adadin giyarka, wayar giya ɗaya, takalmin burki, kebul tai, guntun tsohuwar taya don toshe yaga. Hangar direla, ɗan ƙarfen da yake haɗa direla da firam, kuma dole, kowane firam da irin tasa, in ta lanƙwashe babu inda zaka samu. Man sarƙa mara danƙo, bakin mai na inji yana tara ƙura ya cinye sarƙa da kaset, ka goge ta da tsumma duk yamma.

Fitila da caji?

Fawa banki 10,000 tana riƙe waya da fitilu kwana biyu in ka sauke taswira a OsmAnd ko Komoot ka kashe data. Dinamon cikin wili yana bada wat 3 amma sai mai tafiyar dare yake buƙatarsa, ni kuma bana son kowa a titinmu da dare akan keke. Jakar sirdi tana rufe jar fitilar dake jikin sanda, ka maida ita wutsiyar jaka ko ƙarfen baya, ka kunna ta ko da rana in hazo ya sauka. Hular kwano kullum. Mai giyar lantarki Di2 ya cika batir kafin fita ya riƙe wayar cajinsa.

Na gama haɗawa, sai in kama hanya?

Tukunna. Ka loda komai yadda zaka tafi, ruwa ma a cike, kayi kilomita 30 zuwa 40 kusa da gida, ka nemi gargada ka bi, ka miƙe akan feda, ka sauka gangara kaji ko kan yana rawa, ka taka burki da ƙarfi kaga nisan da yake ɗauka yanzu da kaya. Ka cire wilin baya ka mayar da jakunkuna a jiki don ka san yadda faci zai kasance. Tafiyar farko kwana ɗaya, kilomita 60 zuwa 80 zuwa garin da kake da ɗan uwa ko aboki, ka faɗawa mutanen gida hanyar da zaka bi. In ka dawo ka zazzage jakunkunan a ƙasa, duk abinda baka taɓa ba ka ware shi gefe, banda kayan gyara da magani da ORS.